Nazarin lamari: mai hoton biki a Garwa da filash ɗin da ya sauka daga kan kyamara

Matsalar ƙarama ce a ido, amma ta kusa raba wani matashi mai ɗaukar hoto a Garwa da gidan da ya fi kowane gida ba shi aiki. Ya ɗauki bikin babbar 'yar gidan a unguwar Yelwa, ya haɗa kundin hotuna ya kai. Uwar amarya ta buɗe, ta duba 'yan shafuka, ta rufe. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, ai wannan ba fuskar 'yata ba ce." An biya shi kuɗinsa cif, sannan aka sanar da shi cewa bikin ƙanwar amaryar na tafe nan da 'yan watanni, kuma ana shawarar ɗauko mai hoto daga Yola.

A shagona yake buga hotunansa, don haka na ga aikin tun kafin Hajiya ta gani. Kyamararsa ba ta da laifi. Ƙaramar DSLR ce, wato kyamarar dijital da ake iya sauya wa gilashin gaba, mai gilashin 18-55, irin wadda yawancin yaranmu ke fara sana'a da ita, kuma hotunan sun fito tas, babu rawar hannu. Haske ne ya ɓata su. Goshin amarya da karan hancinta sun yi fari fat, inda gumi ya haɗu da hoda. Shaddar ƙawaye ta mayar da haske har ba a ganin adon da ke jikinta. Bayan mutane baƙi ƙirin, alhali an rataya ƙwayayen lantarki ko'ina a tsakar gidan. Inda akwai bango kusa, inuwa mai kauri ta manne a bayan kan kowa. A hotunan rawa kuwa wasu ɗigo-ɗigon fari sun cika iska, shi yana zaton datti ne a gilashi, nan kuwa ƙurar da ƙafafu suka tayar ce hasken ya kama dab da bakin kyamara.

Duk waɗannan tushensu ɗaya. Filash ɗin na zaune a saman kyamara, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba daga gilashi. Haske ya tafi kai tsaye, ya dawo kai tsaye. Abu mai sheƙi yana mayar da haske ne ta kishiyar kusurwar da ya sauka a kansa, to idan fitila da gilashi suna wuri ɗaya, duk sheƙin cikin idon kyamara zai faɗa. Kuma inuwar da ke fito da tudu da kwarin fuska ta ɓuya a bayan mutum, sai fuskar ta baje kamar faranti.

Maganin da aka saba koya wa yara shi ne a ɗaga kan filash sama, hasken ya daki farin silin ya sauko a tausashe. A ɗakin otal wannan na aiki. A bikin gida a Garwa babu silin ɗin. Ko dai sararin samaniya ne a samanka, ko rumfar tamfol shuɗiya ko koriya da aka haya tare da kujeru, wadda in ka harba mata haske za ta rina fuskar kowa da launinta. Abin da ya rage shi ne a sauke filash ɗin gaba ɗaya, a kai shi gefe. Daga nan tambaya ta koma: me zai gaya masa lokacin tashi?

Igiya

Ya fara da abin da bai buƙaci kuɗi ba. Tsohon maigidansa, wanda ya koya masa aiki, ya ara masa doguwar igiyar PC, siririya mai ɗan kan ƙarfe, da adafta da ke hawa mazaunin filash, tunda ƙananan kyamarori ba su da ramin wannan igiya. Saƙo ɗaya tak take kaiwa, na cewa a tashi yanzu, ƙarfin hasken kuwa da hannu ake saita shi. Akwai wata igiyar mai kauri, murɗaɗɗiya, da ke kai bayanin TTL, tsarin da kyamara ke auna wa filash ƙarfinsa da kanta, amma gajera ce. Ta Canon da aka fi sani, OC-E3, santimita 60 ce. Iyakarta ka riƙe filash a hannun hagu, kyamara a dama.

A cikin shago igiyar ta yi aiki ba tangarɗa. A wani taron suna da ya gwada ta ne ta nuna halinta. Yara na zirga-zirga, wani ya harɗe da ita, sandar fitilar ta kife. Ko ba yara, kan igiyar PC an san shi da sassautawa, ka danna sau biyar ya tashi sau uku. Ban ce ya yar da ita ba. Don hoton fasfo da na katin shaida, inda mutum ke zaune wuri ɗaya, har yanzu ba abin da ya fi ta rashin rigima, ba ta cin batir, ba ruwanta da neman tashar rediyo. Tana nan a ƙasan jakarsa.

Tare da igiyar, maigidan ya haɗa masa da wani tsohon filash na zamanin fim, kuma nan ne na sa baki. Tsofaffin filash da yawa suna ajiye wuta mai ƙarfi a ƙarfen ƙafarsu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan wannan wuta, ISO 10330, ta tsaya ne a bolt 24, amma wasu tsofaffin Vivitar 283 kan haura bolt 200, kuma irin wannan wuta na iya ƙona cikin wasu kyamarorin dijital. Na tura shi wurin mai gyaran rediyo. Awon ba wuya: a kunna filash ya cika, a ɗora bakin mita ɗaya a ƙarfen tsakiya, ɗaya a na gefe. Abin da mitar ta nuna ya wuce ƙa'idar nesa ba kusa ba. Tsohon filash ɗin bai taɓa jikin kyamarar ba.

Idon da ke jiran haske

Filash ɗin da yake aiki da shi na da ɗan ido a gaba, jan gilashi, wanda in ya ga walƙiyar wani filash sai shi ma ya tashi. Filash masu araha irin Yongnuo YN560 da Godox TT600 duk suna da wannan, da zaɓi biyu, S1 da S2. Bambancin na da muhimmanci. Ƙaramin filash ɗin da ke jikin kyamara, in yana kan TTL, sau biyu yake walƙiya: ta farko ƙarama don awo, ta biyu ta hoton, a jere da saurin da ido ke ganinsu kamar ɗaya. A S1 filash ɗin gefe zai tashi da ta farkon, ya zubar da haskensa kafin kyamara ta buɗe. Mutum ya ga walƙiya da idonsa, ya duba hoto ya ga duhu, ya rasa dalili. S2 na ƙyale ta farko ya jira ta biyu.

Wannan ya gane shi cikin yini guda. Abin da ya kashe hanyar shi ne jama'a. Bikin Garwa ba mai hoto ɗaya ke zuwa ba. Akwai wanda dangin ango suka ɗauko, akwai masu yawo da ke ɗauka su ruga su bugo su dawo su sayar kafin a watse. Idon nan bai san na gida da baƙo ba, duk wanda ya danna kyamara, filash ɗin yaron namu zai tashi. Batir ya ƙare a hoton wasu, kuma daidai lokacin da amarya ta ɗago kai, filash ɗin na can yana sake cika. Fitilar wayar hannu ba kasafai take tayar da shi ba, don haskenta ba ya zuwa da fizgar da idon ke jira, amma filash ɗin abokan sana'a kaɗai ya isa. Da rana tsaka kuma idon kan makance, hasken rana ya danne walƙiyar.

Rediyo

Sai ya saya tiriga ta rediyo, ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano. Ƙaramin akwati ne da ke hawa mazaunin filash a kan kyamara, yana aika saƙo a zangon 2.4 GHz, zangon da Wi-Fi da Bluetooth ke amfani da shi. Filash ɗin zamani da yawa risibarsu, wato na'urar da ke karɓar saƙon, a ciki take. Wanda ba shi da ita, ana ɗora shi a kan risiba daban.

Kafin ya ba da kuɗi na sa ya leƙa mazaunin filash na kyamararsa. A tsakiya ya kamata a ga babban ɗigon ƙarfe, shi ne mai ba da umarnin tashi a kusan kowace kyamara. Wasu ƙananan kyamarorin Canon da suka fito daga 2018, kamar 4000D da 2000D, an yi su ba wannan ɗigon, kuma tiriga mai fil ɗaya, wadda ta wannan ɗigon kaɗai take karɓar umarni, ba za ta ji komai a kansu ba, sai wadda aka yi musamman don Canon. Irin waɗannan kyamarori na da yawa a hannun masu fara sana'a saboda sauƙin kuɗi. Tasa tana da ɗigon.

Abubuwa biyu suka ba shi wahala a gwaji. Na farko tasha, wato lambar layin rediyo da tiriga da risiba ke haɗuwa a kai. Kaya sabbi kusan duk a tasha ta 1 suke fitowa, kuma yawancin masu hoto ba sa taɓa ta. Mutum biyu masu kayan kamfani ɗaya a taro ɗaya, kowa zai riƙa tayar da filash ɗin ɗan'uwansa, an koma gidan jiya ke nan. Tsarin Godox na da tasha 32, sababbin tirigoginsa kuma na da lambar shaida daga 01 zuwa 99 da ake ƙarawa a kai. Ya zaɓi tasha can nesa da ta 1, ya rubuta lambar a takarda ya manna a jikin filash. Na biyu barci. Filash ɗin kan kashe kansa bayan ɗan lokaci don adana batir, kuma a wasu, harbin farko bayan barcin a banza yake tafiya. Ya kashe wannan zaɓi.

Kamfanoni kan rubuta nisan mita 100 a kwali. A fili ne wannan. Jikin mutane da bangon siminti suna shanye wannan zango, don haka risiba a sama da kawunan jama'a ta fi wadda aka ajiye a ƙasa.

Daren kamu

Hajiya ta amince ta sake gwada shi, bayan ya kai mata hotunan jikarta da ya ɗauka da sabon tsarin. Shirinsa shi ne yaron shagonsa ya riƙe filash a kan sanda, da farar lema mai barin haske ya ratsa. Kafa sanda mai ƙafa uku a cikin taron mata neman magana ne, kuma lema a waje ko iska kaɗan ta samu sai ta kwashe ta.

A zaure aka tare su. "Kai muka sani," in ji wata gwaggon amarya. "Wannan saurayin ya tsaya nan." Babu wani littafin kyamara da ya yi tanadin wannan. Ya kira ƙanwarsa a waya, 'yar makarantar sakandare da ba ta taɓa riƙe filash ba, ta zo a kan babur. A zauren ya koya mata abu uku: ki tsaya a gefena, ba a bayana ba, lemar ta fi kan amarya tsawo kaɗan, tana kallon ƙasa, tsakaninki da ita taku uku, kullum taku uku.

Taku ukun nan shi ne zuciyar aikin, kuma a kansa nake so in daɗe. Filash ɗin da hannu aka saita shi, bai san ko an matsa ko an ja baya ba. Haske kuwa ba ya raguwa daidai da nisa, faɗuwa yake yi. In ka ninka nisa biyu, rubu'in hasken ne ke isa. Daga mita 2 zuwa mita 3, abin da ya rage bai kai rabi ba. In kuma mai riƙon ta matso daga mita 2 zuwa mita 1 da rabi, hasken ya kusa ninkawa, farin leshi ya ƙone. Amma akwai alheri a ciki. Muddin nisan fitila da amarya bai canza ba, shi mai kyamara na iya matsawa kusa ya ɗauki zanen lalle, ya ja baya ya ɗauki dukan rumfa, hasken fuskarta na nan yadda yake. Da filash a kan kyamara wannan ba ya yiwuwa, duk takun da ka yi fitilar ta bi ka.

Ya tsaya a ISO 800 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), ƙofar gilashi f/5.6 (girman kafar da haske ke shiga, in lambar ta ƙaru kafar ta ƙanƙance), saurin labule 1/60 na daƙiƙa (lokacin da labulen cikin kyamara ke buɗe wa haske), ƙarfin filash 1/16 na cikakken ƙarfinsa. Kowace lamba da dalilinta. Walƙiyar filash gajera ce ƙwarai, ta gama kafin labule ya rufe, don haka saurin labule bai shafe ta ba. Abin da ya shafa shi ne hasken wurin. Da can a 1/200 yake ɗauka, shi ya sa ƙwayayen lantarki suka mutu, baya ya yi baƙi. A 1/60 suka farfaɗo, aka ga rumfa, aka ga 'yan kallo, filash kuma ya daskarar da motsin wadda ke gaba. Ƙarfin 1/16 kuwa na nufin filash ɗin na cika nan take, ba ya zafi, batir huɗu na kai shi nesa. Batirin caji yake sawa, saiti uku, ya caja su tun kwana biyu kafin biki, don a bazara, in ruwan madatsar Lagdo da ke ba garin wuta ya ja baya, ba a yin alkawari da wutar lantarki. Batirin tebur na rediyo da tocila ya gwada sau ɗaya ya bari. Araha ba ta ado.

Wajen rabin sa'ar farko hotunan hawa da sauka suke yi, wani ya yi haske, wani ya dushe, don in mata suka turo sai yarinyar ta ja baya. Yakan ce, "Ƙanwata, taku nawa?" ta ce, "Yi haƙuri Yaya," ta dawo. Daga baya ta kama abin da kanta, har ta fara abin da bai koya mata ba: in amarya ta juya fuska, sai ta zagaya ta bi hancinta da lemar. Hotunan wannan lokaci su ne mafi kyau a kundin. Akwai ɗaya da na daɗe ina kallo a allon kwamfuta kafin in buga. Hannun amarya ne a kan gwiwarta, haske na shigowa daga hagu, kowane layin lalle ya fito, zaren adon zaninta ya tashi ɗaya-ɗaya, fatar kuma launinta na gaskiya, ba toka-toka ba.

Hoton dangi sai da aka sake lissafi. Sahu uku ne, kuma da fitilar ta tsaya a mita 2 daga sahun gaba, na baya da ke mita 3 za su samu ƙasa da rabin hasken. Ya mayar da yarinyar mita 5, kusa da inda yake tsaye, ta ɗaga sandar sosai. A nan na baya suna mita 6, suna samun kusan kashi 7 cikin 10 na abin da na gaba ke samu, bambancin da ido ba ya damuwa da shi. Ƙarin nisan ya ci haske fiye da ninki 6, don haka ya ɗaga ƙarfi zuwa 1/2, ya riƙa jira tsakanin harbi da harbi.

Ranar ɗaurin aure

Nan ne aikin bai yi kyau ba. Ɗaurin aure bayan sallar Juma'a ne, a watan Maris, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40. Maza cikin fararen manyan riguna, rana a tsakiyar ka, idon kowa ya faɗa rami saboda inuwa. Ya so ya cike inuwar da filash. Kamar yadda ya saba da rana, ya sa saurin labule 1/1000. Hotunan farko suka fito da ɗan siririn yanki mai hasken filash, sauran babu.

Dalilin na cikin ginin kyamara. Labule biyu ne a gaban farantin da ke karɓar hoto, na farko ya buɗe, na biyu ya biyo ya rufe. Har zuwa 1/200, ko 1/250 a wasu kyamarori, akwai lokacin da farantin ke buɗe gaba ɗaya, kuma a nan filash ke tashi. In an wuce haka, na biyu ya fara rufewa tun na farko bai gama buɗewa ba, tsaga ce kawai ke ratsa farantin, walƙiyar ta haska abin da tsagar ta bari. Da filash ɗin kamfanin kyamarar a samanta, ita da kanta za ta hana ka wuce iyakar. Tirigarsa mai fil ɗaya ce, kyamarar ba ta ma san akwai filash ba.

Ya sauko 1/200, ya ga ɗan baƙin layi a gefe, don rediyo mai araha kan ƙara ɗan jinkiri, ya koma 1/160. A wannan sauri, da ISO 100, rana ta tilasta masa rufe ƙofar gilashi zuwa wajen f/11. Ƙaramin filash kuwa ba ya ratsa f/11 sai da kusan dukan ƙarfinsa, ba lema, a nisan da bai wuce mita 3 ba. Harbi da cikakken ƙarfi a jere na dafa kan filash. Littafin wasu filash na Godox ya nuna cewa bayan harbi 30 a jere a haka, na'urar kariya za ta rage masa sauri har ya huce, kuma wannan ba a ranar Garwa aka auna ba. Nasa ma haka ya yi, ya fara jan ƙafa daidai lokacin da ake gaisawa da waliyyai. Sauran hotunan da hasken Allah ya ɗauke su, ya ja ango da abokansa ƙarƙashin inuwar dalbejiya. Sun fito daidai gwargwado, ba abin nunawa ba.

Akwai tsarin HSS da ke warware matsalar labule, inda filash ke sakin ƙananan walƙiyoyi a jere har tsagar ta gama wucewa. TT600 na yin haka in an haɗa shi da tirigar kamfaninsa da ta dace da kyamarar. Sai dai yana cin ƙarfi sosai kuma yana ƙara zafi, don haka a tsakar rana ba ya ba ka hasken da ba ka da shi. Amfaninsa shi ne buɗe ƙofar gilashi don baya ya narke.

Inda aka tsaya

Hajiya ta karɓi kundin, ta kuma sa a faɗaɗa hoton hannun nan a sa a firam. Hotunan maza ba wanda ya yaba, ba wanda ya kushe. Aikin gidan ya zauna a hannunsa.

Ni da shi mun saɓa kan abin da zai saya nan gaba. Shi hankalinsa na kan filash mai TTL da tiriga mai HSS, don ya huta da lissafin taku, ya kuma rama abin da rana ta yi masa. Ni ina ganin TTL a bikinmu ruɗewa yake yi. Awonsa na neman matsakaicin haske ne, in farar babbar riga ta cika hoto sai ya rage ƙarfi fuska ta dushe, in baƙar abaya ce sai ya ƙara har goshi ya ƙone, kuma hoto biyu a jere ba sa zama iri ɗaya, wanda ni mai bugawa nake shan wahalar daidaita su. Da kuɗin zai iya sayen filash na biyu irin na farko, ya saita masa ƙarfinsa daban, ya sa shi can bayan rumfa don ya raba kan amarya da duhu, har ya yi saura na batir. Matsalar rana kuwa, farin ƙyalle da mutum biyu za su riƙe a gefe na cike inuwar ido ba tare da zafi ko batir ba.

Bai yanke shawara ba tukuna. Abin da aka riga aka yanke shi ne kuɗin ƙanwar. Ta ce ba za ta sake ɗaga sanda na sa'a huɗu kyauta ba, mahaifiyarsu ta goyi bayanta, yanzu a duk bikin da ya karɓa akwai kasonta a cikin farashin da yake faɗa wa masu biki.